Tsakanin The Hired Hand da McCabe & Mrs. Miller: wanne za a fara saye?

Malam, ka ce kuɗin faifai ɗaya gare ka, kana son fim ɗin kaboyi mai natsuwa irin na farkon shekarun 1970, kuma ka rasa na zaɓe tsakanin waɗannan biyun. Ni dai The Hired Hand zan ce ka ɗauka.

Duka biyun a 1971 suka fito, lokacin da matasan Amurka suka gaji da yaƙin Biyetnam, suka daina yarda da jarumin da ke harbi ba ya kuskure. Mai ɗaukar hotonsu ma ɗaya ne, Vilmos Zsigmond, ɗan asalin Hungari.

McCabe na Robert Altman ne, da Warren Beatty da Julie Christie, an ɗauke shi kusa da Vancouver a Kanada. Ɗan caca ne ya buɗe gidan karuwai a wani ƙauyen haƙar ma'adinai, har babban kamfani ya sa masa ido. Ruwa da taɓo da ƙanƙara, ga waƙoƙin Leonard Cohen. Da gangan Zsigmond ya ɗan haska ɗanyen fim ɗin kafin a wanke shi, don hoton ya yi dishi-dishi kamar tsohon hoto, shi ya sa kwafin banza ke kashe shi gaba ɗaya. Faifan da kamfanin Criterion ya fitar a 2016 ya yi masa adalci. Sai dai 'yan wasan suna magana a kan maganar juna, wasu a ciki-ciki, in ba ka kunna rubutun ƙasa ba da yawa za ta wuce ka. Kuma ba na kallo da yara ba ne.

The Hired Hand shi ne fim na farko da Peter Fonda ya ba da umarni, bayan Easy Rider, fim ɗin da ya fito a ciki, ya yi kasuwa. Harry ya bar matarsa Hannah shekara 7 yana yawon duniya da amininsa Arch, wato Warren Oates. Da ya dawo, ta ce ta yarda ya zauna, amma a matsayin ɗan ƙwadago, ya kwana a waje. Nan ne fim ɗin ya kama ni. Verna Bloom, wadda ta fito a matsayin Hannah, ba ta yi kwalliya ba, ba ta yi kukan neman tausayi ba. Ta dubi mijin da ya gudu ta faɗa masa yadda ta yi rayuwa a bayansa, ba ɓoye-ɓoye. Da wuya ka ga fim ɗin kaboyi da ya tsaya ya saurari matar da aka bari a gida haka.

Ka lura da buɗewarsa a bakin kogi. Hoto na narkewa cikin hoto, rana na walƙiya a kan ruwa, kiɗan Bruce Langhorne na tafiya a hankali, sai ƙugiyar kamun kifi ta kamo gawar wata yarinya, Harry ya yanke zaren. Kusan ba magana, amma ka gane mutumin ya gaji da yawo.

Kamfanin fina-finai na Universal bai tallata shi yadda ya kamata ba, ya faɗi a kasuwa. A 1973 tashar talabijin ta NBC ta nuna shi da ƙarin wasu fitowa da aka cire, har da ta Larry Hagman. Sai 2001 aka gyara shi, kamfanin Arrow kuma ya fitar da faifan Blu-ray a 2018. McCabe ya yi suna, ba zai yi maka wuyar samu daga baya ba; wannan kuwa ya kusa ɓacewa.

Kafin ka biya, duba harafin yankin da ke bayan kwalin. Afirka da Turai yankin B ne a tsarin Blu-ray, faifan Criterion na Amurka kuwa A ne, ba zai kunnu a na'urar yankin B ba sai in taka mai karɓar kowane yanki ce. Na Arrow ɗin ma ka nemi bugun Ingila.