Harsashin rami ko shimfiɗar kankare: wanne ya dace da baƙar laka?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi fili a wajen Dikwa, ƙasar baƙar laka ce mai darewa da rani, magini ya ce a haƙa ramin harsashi yadda aka saba, injiniya kuma ya ce sai an zuba shimfiɗar kankare a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, kana tambayar wanda za ka bi.

Wannan ƙasa, wadda mutanen Borno ke kira firgi, kumbura take yi idan ta sha ruwan damina, ta tsuke da rani har ta tsage yadda mutum zai iya zura hannu a ciki. Gefen gida ya fi tsakiyarsa jiƙewa da bushewa, don haka ƙasar ba ta motsawa daidai da juna, kuma daga nan ne tsagewar bango ke farawa, galibi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa.

Harsashin rami yana bin layin bango ne kawai: a zuba kankare a ƙasan rami, a jera bulo a kai. Ya fi arha, kowane magini ya iya shi, kuma a kan jigawa ko jar ƙasa ba shi da aibu. A kan firgi kuwa, kowane bango kansa yake ɗauke da shi, idan kusurwa ɗaya ta ɗaga ko ta nutse babu abin da zai riƙe ta. Wannan harsashi ba zai yi amfani ba sai an haƙa an wuce inda laka ke kumbura, an kwashe ta, an cike da jar ƙasa ana daddaɓewa hawa-hawa, an kuma ɗaure da rodi, kuma idan aka yi duk wannan arhar ta ragu ƙwarai.

Shimfiɗar kankare kuwa faranti ɗaya ce mai ragar rodi, da ƙarin kauri a gefuna da ƙarƙashin bango, an shimfiɗa leda a ƙasanta don hana damshi. Tana raba nauyin gidan a kan duk ƙasar da ya zauna a kai, ko da ƙasa ta motsa gidan zai motsa ne a dunƙule. Tana cin siminti da rodi sosai, kuma ba ta yafe ha'inci: idan aka rage rodi, ko aka ƙi shayar da kankaren ruwa aƙalla kwana 7, an yi asarar kuɗin. Sai bayan kwana 28 kankaren yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi.

A ganina ka bi injiniya, amma ka sa a gwada ƙasar tukuna, domin zurfin lakar shi zai nuna kaurin da ake buƙata. Ko wanne ka zaɓa, ka yi daɓen siminti mai gangara kewaye da gidan, ruwan indararo ya zuba nesa da bango, kuma kada ka dasa darbejiya kusa da ginin, domin saiwarta na tsotse damshin gefe ɗaya.