Sharhi a kan littafin The L-Shaped Room na Lynne Reid Banks

Wannan ƙagaggen labari ya fito a Ingila a 1960, shekara 15 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da 'yan mata suke neman na kansu a ofisoshin Landan, amma al'umma ba ta sassauta hukuncinta a kan wadda ta yi ciki ba aure ba. Jane Graham, mai shekara 27, ta ɗauki ciki, mahaifinta ya kore ta, sai ta kama haya a wani ɗaki mai cike da kuɗin cizo a unguwar Fulham, kamar mai hukunta kanta da kanta.

Abin da ya sa nake ganin littafin ya cancanci kuɗinsa shi ne marubuciyar ba ta wanke Jane ba, ba ta kuma jefe ta ba. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ganawarta da likita, wanda tun kafin ta gama bayani ya ɗauka zubar da cikin ta zo yi, har ya shiga maganar farashi, alhali dokar Ingila ba ta halatta hakan ba sai a 1967. Fushin da ta yi a nan ne ya sa ta tsaya a kan haihuwar ɗanta. Mai karatu zai lura cewa kunya da kora da rashin aiki duk a kanta suka sauka, namijin da ya yi cikin kuwa harkokinsa ya ci gaba da yi.

Soyayyarta da Toby, matashin marubuci Bayahude da suke gida ɗaya, ta tafi a hankali, kuma babu batsa a yadda aka ba da ita.

Aibin littafin ba ƙarami ba ne. Yadda aka siffanta John, maƙwabcinta baƙar fata mai kiɗan jaz, yana ɗauke da ƙyamar launin fata ta wancan zamani, kuma duk ɗan Afirka zai ji zafin waɗannan shafuka, ko da yake John ɗin yana cikin waɗanda suka fi kowa kyautata mata. Turancin littafin mai sauƙi ne. Ina ba manya shawarar karanta shi, musamman iyayen 'yan mata, saboda abin da ya biyo baya tsakanin Jane da mahaifinta.