Maɓalli Ya Mutu Bayan Tebur Ya Sabunta: Wace Hanya Za Ka Ɗauka?

Bara na haɗa wa wani dillalin atamfa a Kantin Kwari manhajar lissafin kaya. Don a rage cin data, teburin kaya, wato jerin kayan da ke kan allo, shi kaɗai ke sabuntawa idan an yi bincike, sauran shafin yana nan daram. Ba a yi kwana uku ba yaron shagon ya kira ni: "Yallaɓai, maɓallin cire kaya ya ƙi." A layukan farko yana aiki, a sababbin da suka shigo kuwa ko gezau.

Laifina ne. Na ɗaura wa maɓallan kunnen sauraron danni (kod ɗin da ke amsawa idan an danna) a lokacin DOMContentLoaded, wato sa'ad da burauza ta gama karanta shafin, shi kuwa sau ɗaya tak yake aukuwa, don haka sababbin layuka suka zo kurame. Cusa alamar script, mai ɗauke da kod, ta innerHTML (hanyar zuba sabon HTML a shafi) ma ba ta fisshe ka, domin ƙa'idar HTML ta hana burauza gudanar da ita.

Hanyar da nake fara ba kowa shawara ita ce kunne ɗaya a kan uwar teburin, wato sashen shafin da ya ƙunshe shi, wadda ba ta canjawa. Danni yana hawowa ne daga maɓalli zuwa abin da ya ƙunshe shi, sai ka kama shi a can, ka yi amfani da closest() ka gane layin da aka taɓa. Ko layi dubu ya shigo, ba abin da za ka sake gudanarwa. Masu jQuery, wani kayan aikin JavaScript, suna da wannan a .on() tun sigar 1.7 ta 2011. Sai dai focus da blur, wato shiga akwatin rubutu da fita daga cikinsa, ba sa hawowa. Focusin da focusout za ka nema.

Kunne ba ya gina komai fa. Akwatin zaɓen kwanan wata ko zanen ciniki dole a tayar da su bayan kowace sabuntawa. A nan ake amfani da ƙofar da kayan aikinka ya tanada: htmx.onLoad a htmx, turbo:frame-load a Turbo, pageLoad ga masu riƙe da tsohon UpdatePanel na ASP.NET. Wannan hanyar na fara bi, kuma ta ƙona ni. Kowace sabuntawa tana ƙara wa maɓallan da ke wajen teburin wani kunne, har danni ɗaya a kan "tabbatar" ya cire dila biyu daga lissafi. Alhaji ya ƙirga kayansa a sito, ya kalli allo, ya kalle ni. Idan ita za ka ɗauka, tayar da sabon yankin kaɗai, kuma ka sa wa abin da ka tayar alama don kada a maimaita.

MutationObserver kuwa mai gadi ne, yana ganin duk abin da ya shiga shafi ko ya fita. A kansa aka gina Stimulus, wani kayan aikin JavaScript, kuma ga babbar manhaja mai hannaye da yawa ya cancanci wahalar koyo. Amma kada ka sa shi gadin shafi gaba ɗaya alhali masu amfani da manhajar ƙananan Itel da Tecno ne a hannunsu.

Saura eval(), wato gudanar da duk kod ɗin da sabar (kwamfutar da ke ba da shafin) ta turo. Ka bar shi. Ƙofa ce ga mai cusa mugun kod.

A shagon Alhaji yanzu kunne ɗaya ne a kan uwar teburin, sai ɗan aikin tayar da akwatin kwanan wata, layi shida na kod kacal.