Fitilun hazo masu ruwan ɗorawa da na sa wa motata

Kano zuwa Jos nake jigila, don haka dole na ratsa dajin Falgore, sau da yawa da asuba. Da hunturun bana ya shigo sai na sayi fitilun hazon nan masu ruwan ɗorawa, wani mai wayarin a Kano ya ɗaura min su a ƙasan bamba.

Gaskiya sun biya kuɗinsu. Haskensu kwanciya yake a kan kwalta ya bazu zuwa gefen titi, ba ya dawo maka ido idan ƙura ta yi kauri. Bayan Tudun Wada na hango ƙyallin idon gada a bakin ciyawa tun da nisa, na sassauta, ta tsallaka lafiya. Farar fitilar nan mai kashe ido daskarar da dabba take a tsakiyar titi, shi ya sa kake wayar gari ka ga zomo da bushiya a murƙushe. Abin na ci min rai, wallahi.

Aibinsu ɗaya: ba sa kai nisa. Idan kana gudu, ba abin da za su tsinana maka. Kuma ka tsaya kan mai gyara ya saita su ƙasa, ya naɗe wayoyin da kyau saboda damina.