Zaɓen na'urar ɗebo halittun ƙasan teku a bakin gaɓa

Mai binciken da ke son sanin irin tsutsotsi, ƙaguwa, dodon koɗi da sauran ƙananan halittun da ke zaune cikin laka a ƙasan ruwan gaɓar teku, ya kamata kafin ya fitar da kuɗi ya san irin ƙasar da zai ɗebo da kuma girman jirgin da zai yi aiki a kansa, domin su ne za su nuna masa na'urar da ta dace da shi, farashi kuwa daga baya yake zuwa.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Van Veen, wadda injiniya ɗan ƙasar Holan, Johan van Veen, ya ƙera a shekarar 1933. Tana da baki biyu da dogayen hannuwa, idan ta sauka ƙasa aka ja igiya sai bakin ya rufe, ya damƙo laka ko yashi. Wanda zai saya ya nemi mai ɗaukar murabba'in mita 0.1, domin da wannan ma'auni aka tattara yawancin bayanan da zai so ya gwada nasa da su. Ya kuma duba ko samanta yana da tagogin raga masu murfi, saboda idan babu su, ruwan da take turawa yayin saukarta yana kore ƙananan halittun da ke saman laka tun kafin ta isa gare su, kuma ba wanda zai gane an yi wannan asara idan ya dubi lissafi. Aibinta shi ne tsakuwa guda ɗaya ta maƙale a bakinta, sai samfurin ya zube a hanya.

Ita kuwa Day, wadda masu bincike a Birtaniya suke yawan amfani da ita, tana zaune cikin firam ɗin ƙarfe da ke hana ta kifewa idan teku ya motsa, sai dai nauyinta yana bukatar injin jan igiya. Inda tsakuwa ta yi yawa, wata na'urar mai suna Hamon ce ke iya aikin.

A ganina, kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne sayen Ekman don sauƙin kuɗinta. Ƙarama ce, ana sauke ta da hannu daga kwalekwale, kuma ta dace da taɓo mai laushi a ruwa mai kwanciya irin na madatsar Tiga ko wasu lungunan tafkin Legas, amma a buɗaɗɗen teku ƙarfin ruwa yana karkatar da ita, kuma ba ta iya huda yashi mai tauri.

Rariyar wanke samfur, wadda ake tace halittun daga laka da ita, ita ma a zaɓe ta da natsuwa. Mai ido milimita 1 tana rage aiki, mai 0.5 tana riƙe ƙananan tsutsotsi da yawa amma tana tsawaita kwanakin tantancewa, kuma wadda aka fara da ita a ci gaba da ita har ƙarshen binciken. Wanda ke da niyyar sanya bayanansa a OBIS, rumbun bayanan halittun teku na duniya, ya rubuta girman na'ura, idon rariya, zurfin ruwa da wurin da aka ɗebo kowane samfur tun yana kan jirgi, sannan ya daidaita sunayen halittun da WoRMS, rajistar sunayen halittun teku ta duniya, kafin ya aika.