Kwas ɗin koyon rubutu na masu zanen gini: riba da ƙorafina

Na shekara tara ina zanen gidaje a Sakkwato ban ɗauki rubutu a bakin komai ba, sai ranar da aka dawo mini da wani rahoto an rubuta a kansa: "To me kake so a yi?" Shafi 14 ne, amsar kuma tana can shafi na 11. Da na ji an buɗe kwas na sati shida don masu zanen gini da masu tsara birane, ban yi wata-wata ba na biya.

Malamar tsohuwar ma'aikaciyar tsara gari ce, jan bironta ba ya tausayi. Amma darasin da ya biya kuɗina shi ne ranar da ta shimfiɗa taswirar Mabera, ta zauna ta harɗe, ta ce ita ce mai unguwa, a gaya mata dalilin da ruwa ke kwanciya da damina. Na fara zuba Turanci, ta ɗaga hannu: "Yaro, ban yi boko ba." Gumi ya karyo mini. Sai a karo na uku na iya cewa, "Ranka ya daɗe, an yi gini a kan hanyar ruwa, kwalbatin kuma ya cushe da leda." Ta tuna mana dokar tsara birane ta 1992 ta ba jama'a damar kawo ƙorafi kan daftarin tsari, to yaya mutum zai yi ƙorafi kan abin da bai gane ba?

Inda suka gaza: takardun da aka raba duk misalan Ingila ne, gidajen da ake wa dabarar janyo rana, mu da zafin Afrilu ke wuce digiri 40! Aikin gida ma duk da Turanci, ba a sa mu rubuta ko sanarwa guda da Hausa ba. Satin hotunan majigi kuwa ɓata lokaci ne.

Shekaranjiya wani Alhaji a Arkilla ya nace sai tagar ɗakinsa ta kalli yamma. Da can zane zan buɗe masa. Na ce, "Alhaji, bayan la'asar ɗakin nan tanda zai zama." Ya yi shiru, ya ce a mai da ita arewa.