Voteview: shafin da ke auna ɓangarorin jam'iyyar Republican, da inda ma'auninsa ke gazawa

Ɗaliban kimiyyar siyasa na Jami'ar Jos da ke rubutu kan rikicin cikin gida na jam'iyyar Republican ta Amurka, ga shafin da ya dace su fara da shi. Voteview kyauta ne, jami'ar California da ke Los Angeles (UCLA) ke kula da shi, kuma yana ɗauke da ƙuri'un da aka kaɗa da suna a majalisun Amurka tun 1789.

Ma'auninsa, wanda Keith Poole da Howard Rosenthal suka ƙirƙira, yana ba kowane ɗan majalisa maki daga -1 zuwa 1. Wanda ya kusanci 1 ya fi riƙau a ra'ayin mazan jiya. A shiga sashen bayanai, a sauke fayil ɗin mambobi na majalisa ta 118 (wadda ta zauna daga 2023 zuwa 2025), a buɗe da Excel, a tace lambar jam'iyya 200, wato Republican, sannan a jera su bisa layin nominate_dim1. Nan take za a ga irin su Andy Biggs na Freedom Caucus, ƙungiyar 'yan riƙau na Republican a majalisar wakilai, can ƙurya, masu sassauci irin su Brian Fitzpatrick kuma kusa da tsakiya. Da kwamfuta za a yi wannan, domin a waya shafin ƙanƙancewa yake yi. Komai da Turanci yake.

To amma a yi hattara. Shafin ba ya faɗin ƙungiyar da mutum yake ciki. Freedom Caucus, da aka kafa a 2015, ba ta ma wallafa sunayen mambobinta, sai a tattaro daga jaridu a haɗa da hannu. Na biyu, makin nan ɗaya ne tak na dukkan shekarun mutum a majalisar. Mai son ganin yadda wani ya sauya bayan hawan Trump a 2017, layin nokken_poole_dim1 zai duba, shi ne ke canzawa daga majalisa zuwa majalisa.

Babbar matsalar ita ce ma'aunin ƙuri'a kawai yake gani, bai san dalilinta ba. Idan 'yan riƙau suka ƙi kasafin kuɗi don yana da yawa, 'yan Democrat kuma suka ƙi shi don ya yi kaɗan, duk “a'a” aka rubuta musu, sai lissafin ya iya jawo ɗan riƙau kusa da tsakiya. A duba ranar 3 ga Oktoba 2023, da aka tsige Kevin McCarthy daga kakakin majalisar wakilai da ƙuri'a 216 da 210. 'Yan Republican takwas ne suka bi sahun Democrat, cikinsu har da Nancy Mace, wadda ba 'yar Freedom Caucus ba ce. Jim Jordan kuwa, shugaban ƙungiyar na farko, goyon bayan McCarthy ya yi. Maki ba zai bayyana wannan ba, domin rigimar ta haɗa da yarda, dabara da gabar ƙashin kai.

Kada kuma a ce za a kwafi hanyar a auna majalisarmu ta Abuja, inda yawancin ƙuri'u da murya ake yi, ba a rubuta wa ya ce me. Don tantance wa ke ɓangaren riƙau wa ke tsakiya, shafin ya cancanci a dogara da shi. Babin da ke bayanin dalilin rabuwar kai kuwa, sai an nemo jawaban 'yan majalisar da rahotannin lokacin.